Ciwon Gwiwa: Allurar Kashe Zafi Ba Ta Mayar Da Guringuntsi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili domin jan hankalin iyayenmu masu fama da ciwon gwiwa, wanda aka fi sani da sanyin ƙashi, da masu kemis da ke ɗura musu haɗin magunguna da allurai.

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin gwiwa kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal, kuma jini ba ya ratsa shi. Daga ruwan gaɓa yake cin abinci: a taka ya matse ya fitar da ruwa, a ɗaga ƙafa ya tsotso sabo, kamar soso. 'Yan ƙwayoyin halittar da ke cikinsa umarni biyu suke karɓa. Sinadaran gini, irin su IGF-1 da TGF-beta, suna sa su ƙera kayan ginin guringuntsi, wato kolajin nau'i na 2 mai ba shi ƙarfi da agirikan mai riƙe ruwa. Sinadaran kumburi kuwa, IL-1 beta da TNF-alfa, su ne ke sa su fitar da MMP-13 da ADAMTS-5, masu daddatsa abin da aka gina.

A lafiyayyar gaɓa gini da rushewa kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Idan rauni ko ƙiba ko shekaru suka karkatar da ma'aunin, ɓurɓushin guringuntsi yakan harzuƙa fatar cikin gaɓar, ta ƙara zubo sinadaran kumburi, ƙwayoyin kuma su rage jin kiran IGF-1. Daga nan sai guringuntsi ya yi kaushi, ya tsattsage, ƙashi ya fara tsiro a gefe, gwiwa ta riƙa ƙara in an tashi daga sujada.

Allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, a gwiwa tana kwantar da zafi na 'yan makonni, amma ba ta gini. A wani bincike da mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA ta wallafa a 2017, an yi wa majinyata 140 allura duk bayan mako 12 har shekara biyu. Waɗanda aka yi wa allurar sitiroyid mai suna triamcinolone sun fi asarar guringuntsi a kan waɗanda aka yi wa ruwan gishiri, kuma zafin bai fi raguwa ba. Haɗin magungunan kashe zafi da kumburi, diclofenac da piroxicam da dexamethasone, da ake ƙullawa a leda shi ya fi tayar mana da hankali, domin yana jawo gyambon ciki mai zubar jini da lalacewar ƙoda.

Abin da ke taimako ba shi da tsada. Kowane kilo ɗaya na nauyin jiki da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku, kuma kitsen ma kansa yana fitar da sinadaran kumburi. A ƙarfafa tsokar cinya: a zauna kan kujera, a miƙe ƙafa, a riƙe daƙiƙa biyar, sau goma, safe da yamma. A rage dogon tsuguno, amma kada a daina tafiya.

Wanda yatsunsa na hannu biyu suka kumbura, suka sandare fiye da awa ɗaya da safe, wannan wani amosanin ne daban na garkuwar jiki. Ya garzaya asibiti da wuri, domin akwai magungunan da ke tare shi kafin gaɓoɓin su karkace.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar ƙashi da gaɓoɓi, Kano