A shata iyakar dajin Baturiya kafin gonaki su cinye shi

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan dausayinmu na Hadeja zuwa Nguru, musamman dajin Baturiya da ke Kirikasamma, wanda tun 2008 aka sa shi cikin jerin wuraren Ramsar, wato dausayoyi masu muhimmanci a duniya da aka amince a kare su.

Ni a wannan yankin na tashi. Lokacin muna yara in hunturu ya shigo tsuntsaye ne ke zuwa tun daga Turai su haɗu da namu na gida, kirinjijiya da ɗinya da gauraka, in suka tashi gaba ɗaya har inuwa suke yi a kan ruwa, da asuba kukansu ne ke tada mu. Bana na je gida na tarar wani kurmin kanya da goriba da muke tsintar 'ya'ya a ciki an sare shi tas, an mai da shi gonar shinkafa, gefe ga buhunan gawayi an jera ana jiran mota. Wallahi raina ya ɓaci.

Na san mutane na neman abinci, kuma tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadamunmu ta ragu, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, dole manomi ya nemi wani wuri. Amma matsalar ita ce babu taswira, kowa ya ga fili sai ya yi sharar gona, wanda ya ba shi ma bai san ko burtali ne ko makwancin tsuntsaye ba, shi ya sa kullum manomi da makiyayi ke rigima.

Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon raba filin karkara, to su yi amfani da shi mana. Shugaban ƙaramar hukuma ya zauna da hakimai da dagatai da sarkin ruwa da arɗo, a fitar da ina gona, ina burtali da mashaya, ina wurin kamun kifi, ina kuma dajin da ba mai sa masa gatari, a kafa siminti a kan iyaka, a manna taswirar a sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci. Duk wanda zai ba da fili ya fara duba ta kafin ya sa hannu, kuma a yi wannan zaman kafin damina mai zuwa.

Naku,
wani mai karatu daga Hadeja