Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mana da manhajar lissafin shago

Assalamu alaikum, shugabannin kamfani.

Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto muku, a madadin kaina da 'yan kasuwar da nake kula da kwamfutocinsu. A tallarku kun rubuta ƙarara cewa manhajarku tana aiki a Windows da macOS da Linux, wato manyan tsare-tsare uku da ke tafiyar da kwamfuta. Kan wannan magana muka biya kuɗin lasisin shekara da sefarmu. A Windows tana aiki, ba mu da ta cewa. A sauran biyun kuwa suna kawai kuka ara.

Wataƙila ku ce me ya kai mai shagon atamfa ga Linux. Akasarin kwamfutocin da ake sayarwa a nan na hannu ne, kuma da yawansu ba su da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da Windows 11 ke buƙata. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mutumin da kwamfutarsa ke aiki lafiya ba zai jefar da ita ba saboda wannan, don haka na ɗora wa da yawansu Linux Mint, wanda ba ya wahalar da tsohon inji. Abin da ya sa muka zaɓi manhajarku ke nan muka bar wasu.

To, ga abin da kuka aiko mana a matsayin sigar Linux: dunƙulallen fayil da wani fayil ɗin girkawa mai suna install.sh a ciki, da umarnin a buɗe Terminal, wato tagar da ake buga umarni, a kunna shi. Da kunnawa sai ya tsaya, ya rubuta "/bin/bash^M: bad interpreter". Duk wanda ya ɗan jima a wannan sana'a ya san dalili. Windows na rufe kowane layin rubutu da alamomi biyu, CR da LF, Linux da macOS kuwa LF kaɗai suke so. Ma'ana a Windows aka rubuta fayil ɗin, aka kuma sake shi ba tare da wani a ofishinku ya gwada shi ko sau ɗaya a Linux ba. Da an gwada, a layin farko za a gani. Na wanke shi da dos2unix, 'yar manhajar da ke cire CR ɗin, ya wuce, sai manhajar ta ce ba ta ga hoton tambarin rasit ba. Tana neman logo.png alhali kun sa wa fayil ɗin Logo.PNG. Windows ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil ba, Linux kuwa fayil biyu daban take ɗaukar su. Daga nan ajiyar bayanai ta ƙi, domin an ɗaure ta da C:\, sunan da Windows ke ba ma'ajiyar kwamfuta, wanda babu shi sam a Linux.

Ni dai na iya lallaɓawa, aikina ne. Amma Alhajin da ke sayar da kayan masarufi fa? Shi rasit yake so ya fito.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar ma'aikatanku. Da farko sun turo mini umarnin cmd na Windows, bayan na faɗa musu a Linux nake. Da na sake bayani, sai aka ce in buga sudo chmod -R 777 a kan foldar manhajar duka. Haba jama'a! Wannan umarni yana ba kowane mai shiga kwamfutar ikon karantawa da sauyawa da goge abin da ke ciki, kuma a cikin nan littafin bashin shago yake. Tamkar a ce maka ƙofar shago ta cije, sai ka cire ta gaba ɗaya. Kuma irin wannan saƙo kuke tura wa mutanen da ba su san abin da suke bugawa ba, a kan allon madannai na AZERTY, irin na Faransanci, da muke amfani da shi a nan, inda sai an haɗa AltGr da 8 kafin alamar \ ta fito.

Ta Mac ba sai na ja ba. Sigar da kuka bayar ta tsohon tsarin 32-bit ce, kuma Apple ya rufe wannan ƙofa tun macOS Catalina a 2019. Wata Hajiya mai shagon turare da ke da MacBook ba ta taɓa ganin manhajar ta buɗe ba.

Akwai kuma sunayen abokan ciniki. Idan aka fitar da lissafi zuwa CSV, wato fayil ɗin jadawali, manhajarku na amfani da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Mu nan da Hausa da Fulatanci da Faransanci muke rubuta suna, sai ka ga alamar tambaya a tsakiyar sunan mai bashi, é ɗin Faransanci ma ya lalace idan aka buɗe a wata kwamfutar. Tsarin UTF-8, wanda ke ɗaukar duk waɗannan baƙaƙe, ya daɗe da magance wannan.

Abin da muke nema a wurinku: ku fitar da fakitin .deb ko AppImage da mutum zai girka da danna linzami, wanda aka gwada a nau'o'in Linux na Ubuntu da Mint kafin a sake shi, ku sabunta ta Mac, ku koma UTF-8, ku kuma hana ma'aikatanku raba umarnin 777. In ba za ku iya ba, ku goge Linux da macOS daga tallarku, ku mayar wa waɗanda suka saya dominsu kuɗinsu. Rasit ɗin biyan kowa yana hannuna, kuma ba zan shawarci ko ɗaya ya sabunta lasisi ba sai mun ga amsarku a rubuce.

Wassalam,
Mai gyaran kwamfuta, Garwa