Filaza ta cika Sakkwato, jirgin ƙasa kuwa yana Ƙauran Namoda tun 1929

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan tamu in faɗi abinda ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da garinmu Sakkwato birnin Shehu, in ya yi tsawo ka yi haƙuri, bakin ɗan kasuwa ne.

Ni albasa nake saye ina lodi zuwa kudu, shekarata ta wuce 20 a wannan harka. Satin da ya wuce yarona ya matsa min sai na raka shi wata sabuwar filaza ya sai takalmi, wai na kasuwa ba su da yayi. Muka je, gini hawa biyu, gilas ko'ina, tayil sai santsi kamar ka faɗi, sanyin iyakwandishan ya dake ni har sai da na gyara hula. Wallahi wurin ya yi kyau, ba hassada. Amma da na ƙirga shagunan da ke sama sai na ga kusan rabi a kulle suke, an manna takarda ana neman mai haya, sannan a waje ba inda mutum zai aje mota, kowa ya faka bakin titi, 'yan kabu-kabu da masu keke napep sun cushe wuri ana ta hon. Takalmin kuma da na juya shi na duba, irin shi ne sak da wanda maƙwabcina ke kasawa a Babbar Kasuwa, bambancin kawai an saka shi cikin leda mai suna an ƙara kuɗi, wato kuɗin janareta da haya ne muka biya.

To shi ne abin ya tuna min da mahaifina Allah shi gafarta mai. Shi fata da ƙirgi ya yi fatauci, fatar jar akuyar nan tamu da duniya ta sani, wadda tun zamanin ayari ake ratsa Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga nan ta fito. In ya tara kaya sai ya ɗora a gingimari a kai Gusau, can ne tashar jirgi take, can ne kamfanonin Turawa suka kafa kantunansu suna auna gyaɗa da auduga da fata. Kullum in ana hira sai ya ce, "Jirgi ya taho hal Ƙaura ya gaji, yat tsaya shan ruwa, har yau bai tashi ba." Muna yara muna dariya, ashe magana ce babba.

Ai gaskiya ya faɗa. Layin dogo ya shiga Kano tun 1911. Daga Zariya aka ja reshe ya bi Funtuwa ya bi Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, Nguru ta samu a 1930, Maiduguri da ke can ƙarshen ƙasa ta samu a 1964. Sakkwato fa? Hedikwatar daular Usmaniyya, wadda ta zama hedikwatar jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta haifi Kebbi a 1991 ta haifi Zamfara a 1996, ko taku ɗaya na ƙarfen dogo ba a taɓa shimfiɗa mata ba. Bature dai mun san lissafinshi, shi inda gyaɗa da auduga suka fi yawa nan ya bi, ba don Allah ya yi ba. Amma Bature ya tafi tun 1960, to waye ya riƙe hannun namu? Saura ƙiris a cika shekara 100 cif jirgin yana shan ruwa a Ƙaura, kuma shi kanshi wannan layin na Zariya zuwa Ƙaura yanzu ka tambayi mutanen Gusau yaushe rabon su ji kukan jirgi da safe.

Wani zai ce mi ya haɗa filaza da jirgi. Kayan da ke cikin shagon nan ba daga rufin kwano suke faɗowa ba. Shinkafa 'yar gwamnati, atamfa, taliya, tayil ɗin da aka shimfiɗa, har gilas ɗin ƙofar, duk a bayan tirela suka zo, ko daga Kano ko daga Legas ko Anaca, na Kano su bi Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, Tureta, Dange kafin su shigo gari. Daga Gusau kaɗai kilomita 200 ne da 'yan kai, kuma kowa ya san halin da wannan hanya take ciki ta fuskar tsaro, direba ba ya yarda dare ya yi mai. Kuɗin gas, kuɗin taya, na shingaye, na kwanan hanya, duk a kan talaka mai saye suke ƙarewa. Shi ya sa mai filaza zai zuba miliyoyi ya yi gini, ɗan haya ya shiga wata shida ya ga ba ciniki ya kwashe kayanshi. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba.

Mu masu fitar da kaya abin ya fi yi muna ciwo. Albasa ba hatsi bace, ba ta haƙuri. Manomi a Goronyo ko Wurno ko Gada ya sha wahala ya yi ban ruwa, ya cire, ya zuba a rudu, wato ma'ajiyar albasa, yana juyawa yana tsince ruɓaɓɓu har farashi ya ɗaga, mu kuma mu saya mu ɗura a buhu mu ɗinke baki. Bara waccan na yi lodin mota guda, ba ta kai Kwantagora ba giyar motar ta lalace, direba ya bugo min waya wai sai an kawo kayan gyara daga Kaduna. Kwana huɗu mota na tsaye cikin rana da tamfol a rufe. Da aka isa aka kwance igiya, ruwa ne ke ɗiga ta ƙasan bodi, warin kuwa tun daga nesa 'yan dako suka fara toshe hanci, buhun da ka ɗaga sai ka ji ya yi laƙwas kamar an dafa. Abinda na tsira da shi bai biya kuɗin mota ba. Na zauna gefen titi ina ta lissafi da biro a bayan kwalin sigari, lissafin ya ƙi fita. Ba ni kaɗai ba ne, duk wanda ke harkar gwari a kasuwar Ramin Kura yana da irin wannan labari, wasu nasu ya fi nawa muni.

Ga kuma siminti. Kamfanin Kalambaina tun shekarun 1960 yake aiki, yanzu yana hannun BUA an faɗaɗa shi sosai, tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka, ka tsaya bakin hanya ka ƙirga nawa ke fita a wuni. A ƙasashe da yawa irin wannan nauyi aikin jirgin ƙasa ne. Mu nan kwalta ce ke ɗauka, shi ya sa yau a gyara titi, damina biyu ya koma gidan jiya. Shanu da raƙuma da tumakin da ake lodi a kasuwannin Kara da Illela da Acida su ma haka, a tsaye cikin tirela har Legas.

Garin kuma ya buɗe ba kaɗan ba. Da can in ka fita Ƙofar Rini ko Ƙofar Kware ko Ƙofar Atiku ka fara shiga gonaki, kakata har ta rasu in za a je Arkilla cewa take za a tafi ƙauye. Yanzu Mabera, Gwiwa, Bado, Dambuwa, Tamaje, Gidan Dare duk sun haɗe, gonar gero ta jiya ta zama fuloti. An yi gadar sama a Dandima an yi a Rijiyar Ɗorowa, an ƙawata shataletale, an sa fitilun sola, ban raina ba, wanda ya yi Allah shi saka mai. Amma shiyoyin da suka tsiro ɗin nan da yawansu ba lambatu ba ruwan famfo, sai 'yan ga-ruwa da kura, in aka yi ruwan sama na awa biyu mutanen Mabera sun san abinda nake nufi. Ana yanka fili ana sayarwa, ba wanda ya ce a bar nan don kasuwar shiya, a bar nan don tasha, balle a ce ga inda layin dogo zai ratsa in Allah ya kawo shi. Ranar da za a zo yi sai an rushe gidajen mutane an shiga rigimar diyya.

Ita kuwa Babbar Kasuwa da ta ci wuta a watan Janairun 2021, na ga dattawa suna kuka da hawaye ranar, dukiyar shekara da shekaru ta zama toka kafin azahar. Wasu da suka rasa rumfa su ne suka watsu cikin gari suka kama shaguna bakin titi, wannan ma ya ƙara wa filaza kasuwa. Amma har gobe in matar gida za ta yi cefanen biki ko kayan ɗaki ba filaza take nufa ba, Tsohuwar Kasuwa take shiga ko Kasuwar Daji, inda za ta taya a ce albarka ta ƙara a sallama, in kuɗi bai kai ba a ce kawo sauran ranar Juma'a. Mu duba Kano mana, da yawan jama'arta da kuɗinta, an buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014 ana ta ɗaukar hoto, Shoprite da ke ciki ta rufe a farkon 2024, Kantin Kwari da Singa kuwa ko masaka tsinke babu.

Abinda ya ƙara tayar min da hankali shi ne layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, zai bi Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya ya tsallaka Nijar. Ina taya su murna har zuciya, 'yan uwanmu ne. Amma kenan Maraɗi da ke wata ƙasa za ta riga Sakkwato jin kukan jirgin Najeriya. Mu ma ai muna da iyaka, daga nan zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, ka tsallaka sai Birnin Ƙonni, kasuwar Illela ta ranar Lahadi wa bai san ta ba. Titin Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a 2024 mai sama da kilomita 1000 shima alheri ne in an gama, amma titi titi ne, tirela ce dai za ta hau shi da gas ɗinta mai tsada.

Don haka Malam Edita ta bakinka nake kira ga sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai, su haɗa kai da na Zamfara da Kebbi, kowa ya aje jam'iyya gefe, a tayar da layin Zariya zuwa Ƙaura sannan a jawo shi Sakkwato ya wuce Illela, a yi reshe zuwa Kalambaina da Birnin Kebbi. Gwamnatin jiha kuma tun yanzu ta shata hanyar da zai bi ta kafa duwatsu ta hana yanka fuloti a kai, wannan ai ba sai an jira Abuja ba. Masu ba da izinin gini su ma don Allah duk mai son yin filaza a ce ya nuna inda motoci za su tsaya da inda ruwa zai bi kafin a buga mai hatimi. 'Yan siyasa za su zo neman ƙuri'a kwanan nan, ni dai duk wanda ya shigo rumfarmu tambayar da zan yi mai kenan, kuma na gaya wa abokan sana'ata su ma su yi.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani ɗan kasuwar albasa,
Shiyar Runjin Sambo, Sakkwato.