Kafin ka shiga situdiyo

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin Agadas? Mu nan Maradi hunturu ya kankama, leɓe sai tsagewa yake.

Na saurari abin da ka turo mini ta WhatsApp. Hannunka na nan yadda na san shi, jitar ce ke cin amanarka. In ka kaɗa tsirkiyoyin a sake, Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, duk lafiya lau. Da ka gangara ƙasan wuya sai sautin ya haye kan na piyano. A gidan biki wa zai lura, ganga ta danne komai. Makirufon situdiyo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, balle in aka ɗora jita biyu, sai ka ji sautin yana rawa.

Ka sa sababbin tsirkiyoyi tun ana jibi, ka jajja su da yatsa su gama miƙewa. Duba na'urar saitinka, sautin La ɗinta ya tsaya a lamba 440, ma'aunin da aka saba saiti da shi, haka ma ta mai piyano. Sannan ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danna ta a gaɓa ta 12, wadda ta raba tsawonta biyu. Allurar na'urar ta tsaya inda ta tsaya ɗazu. In ta zarce, tsirkiyar ta yi gajarta, sai ka murɗa sukurun jakinta, wato abin da tsirkiyar ke hawa kai a jikin jitar, ya ja baya. In ta kasa, matso da shi wajen wuya. Kowane murɗi, sake saiti daga farko. Aikin na cin rai, amma tunda taka ta lantarki ce, kowace tsirkiya da sukurunta. Kuma ka danna yadda kake dannawa a waƙa, matsa da ƙarfi ma na ɗaga sauti.

Sai batun iska. Wani yaro a unguwarmu ta Zariya ya ɗauko jitarsa kan babur da rana tsaka, ya faɗa ɗaki mai na'urar sanyi, kafin a gama baitin farko saiti ya gudu. Ka je da wuri, ka buɗe jakar, ta saba da ɗakin. Bayan kowace ɗauka ka sake dubawa, ko da mai situdiyo na kallon agogo.

In an gama ka turo mini in ji kafin a haɗa. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka na Maradi