Ɗan Yayata Zai Zubar Da Muryarsa, Kuma Wai Ni Na Daƙile Shi

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara lafiya da basira, ya saka da alheri a kan wannan shiri. Ina roƙon a sakaya sunana, a sakaya na yaron, domin cikin masu sauraronka akwai waɗanda suka san muryarsa ko da ba su san fuskarsa ba.

Ni mai haɗa kiɗa ne a sitidiyo. Yaron mawaƙi ne, ɗan yayata ne, a hannuna ya koyi tsayuwa gaban makirufo. Makon nan ya turo mini saƙo, ko kira bai yi ba, wai in tattara fayil-fayil na waƙoƙinsa shida da ba su fita ba, murya daban, ganga daban, jita daban, in miƙa wa wani mutum da yake kira manajansa. A ƙarshen saƙon ya ce ni na daƙile shi, na tsare shi a salo ɗaya har sa'o'insa suka wuce shi. Malam, ni? Raina ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa idan maganata ta yi gaba ta yi baya ka yi haƙuri da ni.

Sai na yi maka bayanin salo ɗayan da yake rainawa, don ba haka kawai aka tsince shi ba. Muryarsa mai kauri ce. Tana zama daram daga amon da muke kira A ta ƙasa zuwa amon E ta farko da ke sama da tsakiyar fiyano, kusan oktaf ɗaya da rabi ke nan, oktaf kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama, kamar daga A zuwa A ta gaba. Da ya haura F sai ya matse maƙogwaro, jijiyar wuya ta tashi, amon ya sirance. Don haka waƙoƙinsa a ki ɗin G ko A suke zama, ki shi ne amon da ake gina waƙa a kansa, mai sanyin nan da muke kira maina, ta yadda ƙololuwar amshi ba za ta wuce inda yake da iko ba. Saurin kiɗan kuma bugu 88 zuwa 96 a minti ɗaya, saboda shi mai dogon numfashi ne, yana jan gaɓar ƙarshe ta kowane ɗango da wata karkarwa da ba koya masa aka yi ba, da ita aka haife shi. Idan kiɗa ya yi sauri babu wurin da karkarwar za ta zauna. Kayan kiɗan uku ne kacal a gaba: jitar katako, ganga mai taushi, da sarewa guda da ke amsa masa a ƙarshen baiti. Amshi a ɗauke shi sau biyu, a raba hagu da dama, shi kuma ya tsaya a tsakiya, bakinsa kamar santimita 15 daga makirufo don kaurin ya fito. Jigonsa iyaye, kewar gida, haƙurin mai neman na kansa. Shi ke nan. Ka kunna wa mutum daƙiƙa biyar bai ga suna ba, zai ce maka wane ne. Duk mawaƙin duniya abin da yake nema ke nan, wasu har su tsufa ba su samu ba, shi kuma ya samu yana neman yarwa.

Shi wannan manajan, Allah na gani, bai san bambancin ki da bugu ba. Waya ce da shi da daɗin baki. Duk abin da ya ji yana tashe a TikTok ranar Litinin, ranar Laraba sai ya ce yaron ya yi irinsa. Ya hure masa kunne har ya daina gaishe ni yadda ya saba. Na manta ban faɗa maka ba, ai tuni sun saki waƙa huɗu a wasu sitidiyoyi ban sani ba, a intanet na gan su kamar kowa. Ta farko amapiano ce irin ta Afirka ta Kudu, bugu 113, gangar nan tata mai nauyi ta haɗiye muryarsa gaba ɗaya, don su biyun a ƙasa suke zaune, kuma wanda ya tace kiɗan bai rage wa gangar komai ba. Ta biyu gambarar zamani ce, mutumin da baiwarsa jan murya ce aka sa shi harba kalmomi yana haki. Ta uku ta soyayya ce, an ɗaga masa ki har yana taɓo A ta sama, yana ƙara kamar ana shaƙe shi. Ta huɗu kuwa rabinta da harshen da bai iya lafazinsa ba. Kuma duka huɗun an zuba musu Auto-Tune, na'urar gyaran amon murya a kwamfuta, an mayar da saurin gyaran sifili. Idan ana so a gyara kuskure murya ta zauna yadda take, tsakanin 20 da 40 ake barinsa. A sifili na'urar tana fizgar kowane amo ta daidaita shi nan take, karkarwar nan tasa ta tafi, ya koma muryar kowa.

Wai nufinsu a kama kowane irin mai sauraro. To ba haka abin yake aiki ba, kuma ba ra'ayina ba ne, tsarin manhajojin ne. A Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 kafin a lissafa ta. Wanda ya bi yaron saboda jita da sarewa, ya danna sabuwa ya ji gangar rawa, kafin daƙiƙa goma ya tsallake. Masu son amapiano kuma suna da nasu gwanayen, me zai kawo su wurin baƙo? Manhajar tana lura da wa ya saurara, wa ya tsallake, da shi take yanke wa za ta nuna wa waƙar gaba. Idan kowace waƙa da irin mutanenta, sai ta rasa inda za ta kai shi. Ga shi tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ko sisi ba a biyan mai faifanta a can. Ko wajen gabatar da waƙa ga masu tsara jerin waƙoƙinsu, aƙalla kwana bakwai kafin ta fita, sai ka faɗi nau'inta da yanayinta da kayan kiɗanta. Me za su rubuta masa? Abin takaici ma, manajan ya canza rubutun sunansa, ya ƙara harafi wai don ya yi zamani, sai aka buɗe masa sabon shafi, tsofaffin waƙoƙi na can, sababbi na nan, mabiya sun rabu biyu. A dandamali kuma da wace ƙungiyar makaɗa zai hau? Minti 45 da salo huɗu, dole ya koma bin kiɗan kwamfuta yana motsa baki.

Kada ka ɗauka ni mai ƙin canji ne, don abin da suke yaɗawa ke nan. Mawaƙin da bai motsa ba ya mutu a tsaye. Amma canji da tsari ake yinsa. Abu uku ke riƙe mawaƙi: yadda yake sarrafa murya, kayan kiɗan da ke kewaye da ita, da abin da yake magana a kai. In za ka taɓa, ka taɓa ɗaya ka bar biyu. Yana son kiɗan rawa? A hau bugu 102, a bar jitar, a bar kin, a ga yadda mutanensa za su karɓa. Yana son waƙar soyayya? Ya yi ta da muryarsa ta ƙasa. A albam mai waƙa goma, ni a ganina bakwai su zauna a gida, biyu su leƙa waje, ɗaya a yi gwaji da ita yadda aka ga dama. In gwajin ya karɓu, albam na gaba sai a matsa can. Duk wannan na faɗa masa, ba sau ɗaya ba, cikin lalama, ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba. Kayan aro ba ya rufe katara, amma ya yi kunnen uwar shegu.

Na dawo kan fayil ɗin. Na san abin da za su yi da su. Za su ɗauki muryar da aka rera a bugu 92 su ja ta zuwa 113, ƙarin kusan kashi 23 cikin ɗari ke nan. A kunnena, da an wuce kashi biyar ko shida murya ta fara nuna an taɓa ta: numfashi ya gajarce, baƙaƙe su cakuɗe, dogon wasali ya riƙa rawa irin ta na'ura. In suka ƙara da ɗaga ki da rabin taki uku, wato maɓallan fiyano uku a jere, sai ya koma kamar ƙaramin yaro. Kuma sunana ne zai fito a matsayin wanda ya ɗauki muryar. Waƙoƙin nan shida su ne mafi kyau da ya taɓa yi, a jere suke, kowace tana miƙa wa ta gaba, an gina su ne don su zama albam ɗin da zai tsayar da shi da ƙafarsa.

Za ka tambaye ni takarda. Babu takarda a tsakaninmu. Wa ke rubuta yarjejeniya da ɗan yayarsa? Ban taɓa karɓar kuɗin sitidiyo a hannunsa ba, ba mu rubuta kason kowa ba, waƙoƙin ko lambar rajista ta ISRC ba a ba su ba tukuna. Baitocin nasa ne, ban musa ba. Amma karin waƙa uku daga ciki ni na ɗora, kiɗan duka nawa ne, a kwamfutata suke. Shi kuwa na ji an ce ya sa wa manajan hannu a kwantiragi, ban gani ba, ban san na shekara nawa ba ne, ban san ko ya haɗa da waƙoƙin da aka yi kafin zuwansa ba. Yayata ta kira ni tana kuka, wai in ba yaro kayansa kada zumunci ya lalace a kan waƙa. Ita ba ta san cewa in na bayar na taya su rusa shi ba ne.

Akwai wata magana a saƙon da ban so in kawo ba. Ya ce salon nan nawa ne, ba nasa ba, wai ni na zaɓa masa tun bai san komai ba, bai taɓa samun damar gano abin da shi yake so ba. Ban yarda ba, Malam. Ni ban ƙirƙiri maƙogwaronsa ba, saurarensa na yi na gina abin da ya dace da shi. Na tabbata manajan ne ya sa masa wannan a baki. Amma maganar ta ƙi barina.

To ka ba ni shawara. In riƙe fayil ɗin har sai na ga kwantiragin, ko in ba shi muryarsa kaɗai in riƙe kiɗana? In na riƙe, yaya zan yi da yayata? Kuma abin da na fi so ka taimake ni da shi, ta wace hanya zan zaunar da shi, shi kaɗai ba da mutumin nan ba, ya saurari tsohuwar waƙarsa ɗaya da sabuwa ɗaya a jere, ya faɗa mini da bakinsa wacce ce shi a ciki? Ko kana ganin a wannan matakin bai kamata maganar ta fito daga bakina ba, in nemo wani babba da yake jin nauyinsa?

Na gode. Ina sauraron shirin na wannan mako.

Naka,
Kawun wani mawaƙi