Godiya ga ma'aikatan SIL da suka ba haruffanmu mazauni a kwamfuta

Zuwa ga masu tsara haruffa na SIL, cibiyar nazarin harsunan duniya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai zane ne da kwamfuta a Kano, abincina yana cikin katin biki, tambarin shago da bangon littafi. Ba ku san ni ba, amma kusan kullum da aikinku nake buɗe shago.

Sai ɗan sana'a ya san wahalar da haruffa masu ƙugiya suke ba mu. Ka zaɓi salon rubutu siriri mai kyau, irin wanda ake yayi yanzu a tambura, ka buga sunan mai kaya, sai ga ɗan akwati fanko a gurbin ɗ ko ƙ. Dole mu zauna a manhajar zane ta CorelDRAW muna liƙa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, mai gaggawa kuwa ya watsar da ita. Na taɓa riƙe katin ɗaurin aure da aka buga ɗaruruwa, ana maraba da "baki" a inda ake nufin baƙi. Ranar na ji ciwo ƙwarai, domin sunan gidan mutane ne a jikin takardar.

Salon haruffanku guda biyu, Charis da Andika, su suka raba ni da wannan. Ɓ, Ɗ, Ƙ, manya da ƙanana, duk suna nan daram, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa. Andika nake sa wa littattafan 'yan firamare, don kun tsara shi ne saboda mai koyon karatu.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Alkalami, salon haruffan ajami irin rubutun Kano, wanda kuka fitar a 2017. Kafin shi, in aka kawo mini aikin ajami, haruffan Larabcin gabas kawai nake da su, dattawa kuwa su duba su ce wannan ba hannunmu ba ne. Suna da gaskiya. Wanda ya tashi a makarantar allo da ruwayar Warshu ya saba da fa mai ɗigo a ƙasa, da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, da imala, da tawada mai kauri irin ta littattafan Kasuwar Kurmi. Duk kun kiyaye su. Da na yi wa wata makarantar allo tambari da shi, malamin ya daɗe yana bin layin da yatsa, sannan ya tambaye ni wane alaramma ne ya rubuta.

Kuma ko kobo ba ku karɓa ba. Lasisinku ya yarje mini in yi aikin kuɗi da su, in kuma tura wa yaran da nake koya wa sana'a ba tare da fargabar haƙƙin wani ba.

Na gode, na gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai zane daga Kano