Mawakanmu ku daina raina aikin mai mastarin

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni dan fili in yi magana da mawakanmu na zamani, na nan Zariya da na Kaduna har da 'yan Kano. Sana'ata hayar sifiku ce a wajen biki da walima, to kunnena ya sha waka, kuma abin da ke ci min tuwo a kwarya shi ne yadda ake sakin waka ba a yi mata mastarin na kirki ba.

Bayan an dauki murya an yi mikisin, wato an daidaita muryar da fiyano da ganga, akwai sauran aiki daya, shi ne mastarin, wato gyaran karshe kafin a saki waka, kuma a wuraren da aka dauki abin da muhimmanci sitidiyo ne na daban yake yinsa, injiniyan ma daban, ba shi ya buga kidan ba. Dakinsa an lullube bangon da abin da ke shanye amo, zai saurari wakar a manyan sifiku, ya koma ya ji ta a karamar waya, ya ji ta a mota, in bes ya yi yawa ya rage, in muryar tana sukan kunne ya tausasa ta, wakokin albam guda kuma ya sa su fito da karfi daya ba sai kana ta murda rediyo ba.

Mu kuwa a nan yaro daya ne zai buga kida a manhajar kwamfuta ta FL Studio, shi zai dauki murya ya zuba mata Auto-Tune mai gyara sautin murya, ya yi mikisin, karfe biyun dare janareto na ta ruri ya dora limita, abin da ke matse waka don a kara mata karfi, ya murde ta har karshe, shi ke nan wai an gama. Ba raina su nake ba, wallahi yaran nan suna da basira, amma kunnen da ya kwana a kan waka daya ya riga ya gaji, ba zai ji aibunta ba. Ga mawaki kuma yana tsaye a kansa yana cewa, oga a kara mata wuta ta fi ta wane kara.

To karar nan ma ba ta da amfani yanzu. Dandalin jin waka na Spotify yana daidaita karfin wakoki a kan -14 LUFS, wato ma'aunin karfin sauti, YouTube ma kusan haka ne, duk wadda ta wuce nan rage ta za su yi, sai ka ga ta dawo daidai da na kowa amma gangar ta riga ta mutu an matse ta. A wajen biki kuwa ina dan daga ta sai sifika ta fara karkarwa, kawayen amarya su juyo suna harara ta kamar kayana ne marasa kyau, alhali wakar da na sa kafin ita lafiya kalau ta fita.

Za a kashe makudan kudi a bidiyo, a yi hayar mota a dinka kaya kala-kala, amma na mai mastarin sai a ce babu. Don Allah a rika ware masa nasa tun farko, a tura masa mikisin din a WAV, wato fayil din sauti mai cikakken inganci, ba tare da an riga an matse shi ba, kuma mawaki ya adana wannan WAV din, don MP3 din da aka ciro daga bidiyo shi ne mafi yawa yake isowa hannunmu.

Naku,
Mai hayar sifiku, Sabon Gari, Zariya